Na Je Santambul Ban Shiga Gari Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi, da abin da ya same ni a cikinta. Ba don alfahari na ke wannan rubutu ba, gama hawa jirgin sama yanzu ya wuce a yi fariya da shi. Kunya na sha, na kuwa ga gara in tona asirin kaina da in bar wani ya faɗa ramin da na faɗa.

A shekarar 2023 ofishinmu ya tura ni kwas na wata guda a Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya. Da aka kawo mini tikiti na duba, sai na ga ashe jirgin ba kai tsaye zai tafi ba. Daga Abuja za mu sauka Istambul, wanda mutanenmu suka fi sani da Santambul, mu yada zango awa 17, sa'an nan mu shiga wani jirgi. Ai sai murna ta kama ni. Tun muna makaranta malaminmu na tarihi ya ke ba mu labarin wannan birni, yadda ya hau nahiya biyu, ƙafa ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, da labarin ginin nan Aya Sofiya, wanda aka gama a shekarar 537 zamanin Sarkin Rum Jastiniyan, ya yi shekaru ɗari tara da 'yan kai yana majami'a, Turkawa suka ci birnin a 1453 suka mai da shi masallaci, daga baya ya zama gidan tarihi, har aka sāke mai da shi masallaci a 2020. Na ce a raina, ga dama ta samu, zan ga abin da idona ba tare da na biya ko anini ba.

Na tafi wurin wani abokina wanda ya saba bin wannan hanya na tambaye shi. Ya ce, "Kai, abu mai sauƙi! Kana sauka ka fita. Kamfanin jirgin ƙasar ma yana da mota da ke zaga gari da fasinjojin da zangonsu ya kai awa 6 zuwa 24, kyauta, har da abinci." Bai yi mini ƙarya ba, haka abin ya ke. Abu ɗaya ne ya manta, ni kuma ban yi tunaninsa ba: shi a Ingila aka haife shi, fasfon Ingila gare shi, tun 2020 kuwa Turkiyya ta ɗauke wa mai wannan fasfo neman biza. Ni ko koren fasfonmu ne a aljihuna.

Ranar tafiya, muna cikin layi a filin jirgin Abuja ana auna kaya, sai gardama ta kaure a gabana. Wani dattijo ne, ɗan kasuwar atamfa daga Kano, da babbar rigarsa da 'yar jakarsa a hammata, ma'aikaciyar ta ce ba zai hau ba. Ya ce shi ba Turkiyya za shi ba, Dubai za shi, ga bizarsa, wucewa kawai zai yi. Ta ce ta gani, amma tikitinsa biyu ne, kowanne na kamfani dabam, na farkon a Santambul ya ƙare, na biyun kuwa daga wani filin jirgi zai tashi can hayin ruwa ta gefen Asiya. Dattijo ya yi rantsuwa, ya kira dillalin da ya sayar masa da tikitin a waya, wayar ba ta shiga ba. Haka aka janye akwatunansa gefe. Ni dai na ji tausayinsa, amma a zuciyata ina cewa, wannan rashin karatu ne ya ja masa. Na wuce ina taƙama da takarduna a jere cikin ambulan.

Mun kwana muna tafiya, wajen awa 7, muka sauka da safe. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Kafin mu sauka na leƙa ta taga na hangi teku, da jiragen ruwa birjik suna jiran wucewa, da gidaje masu jan rufi sun rufe tuddai har iyakar ganin ido. Shi filin jirgin sabo ne, a ƙarshen 2018 aka buɗe shi, yana can arewa da gari kusa da Baƙin Teku, tsakaninsa da tsohon birni ya yi mil 25 ko fi. Girmansa kuwa sai wanda ya gani. Rufi ɗaya ne, amma mutum ya yi tafiyar minti 20 a cikinsa bai kai ƙarshe ba, har an shimfiɗa wata irin hanya mai tafiya da kanta saboda masu gajiya.

Da muka fito daga jirgi hanya ta rabu biyu. Allo ɗaya ya nuna wa masu canja jirgi inda za su bi, ɗaya ya nuna wajen masu duba fasfo. Na bi na biyun ba ko shakka. Da layi ya zo kaina na miƙa fasfo ta ƙarƙashin gilashi. Ma'aikacin ya buɗe shi shafi shafi, ya kai ƙarshe, ya komo farko, ya ɗaga kai ya ce, "Biza?" Na nuna masa ta Malesiya. Ya girgiza kai. Na fito da tikiti, na shiga yi masa bayani da Turancin ofis, cewa ni ba zama na zo yi ba, kallo kawai zan yi in komo kafin magariba. Mutumin nan bai yi mini tsawa ba, bai kuwa wulaƙanta ni ba. Ya dai mayar mini da fasfona, ya nuna mini hanyar da na fito. Na juya, mutanen da ke bayana suna kallona, har da wata tsohuwa Baturiya mai sanda wadda aka buga wa hatimi kafin in gama tattara takarduna.

To, a nan na zauna na yi nazari, tun da lokaci ne da ni har ya yi yawa. Abin da na gane, wanda ya kamata in sani tun a gida, shi ne filin jirgin sama zango ne a bayan ganuwa. Dattawanmu sun ba mu labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. In ayari ya iso wani gari ba ya kutsa kai ciki, a zango ya ke sauka, a sauke kaya, a ɗaure jakuna, a hura wuta, madugu ya tafi ya gai da sarki ya biya abin da aka yanka. Sauka a zango hakkin matafiyi ne, amma shiga ƙofa sai da yardar masu gari. Haka nan ya ke a yau. Wannan babban zaure da a ke ajiye masu canja jirgi, ko da ya ke a kan ƙasar Turkiyya aka gina shi, wanda ke cikinsa ba a lissafa shi ya shiga ƙasar ba. Teburin mai duba fasfo shi ne ƙofar gari. Wanda ya ƙetare shi ya shiga ƙasa, ko minti 10 zai yi ko shekara 10, dokar shiga ɗaya ce. Tikiti kuwa alkawari ne tsakaninka da kamfani, su ɗauke ka su kai ka. Ba ruwan gwamnatin ƙasar da shi.

Sai a sa'an nan dattijon nan na Abuja ya faɗo mini a rai, na ji kunyar abin da na raya game da shi. Ashe ciwonmu ɗaya, shi dai nasa ya fi tsada. Mai tikiti biyu na kamfanoni dabam, galibi ba a wuce masa da kayansa zuwa jirgi na biyu. Dole ya je ya karɓe su da hannunsa ya sāke ba da su, wurin karɓar kaya kuwa yana bayan teburin masu duba fasfo. Balle shi da zai shiga mota ya ratsa gari zuwa wani fili. Ita ma ma'aikaciyar ba mugunta ta yi masa ba. Ƙa'idar duniya ce, kamfanin da ya kawo mutum ba da cikakkun takardu ba, shi zai mai da shi inda ya ɗauko shi, a ƙasashe da yawa kuma har a ci shi tara. Saboda haka su ke da wani kundi a cikin kwamfuta, ana kiransa Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. A sa sunan ƙasarka, da inda za ka, da inda za ka yada zango, shi kuwa ya faɗi abin da a ke bukata. In ya ce a'a, ko ka haɗa su da iyayensu ba za su ɗauke ka ba.

Yinin nan dai na yi shi a zango. Ba zan ce wurin ba shi da daɗi ba. Akwai kantuna jere da ba su ƙirguwa, na turare da agogo da alewar ƙasar, akwai wuraren salla, da ɗakunan kwana na haya ga mai kuɗi, har da ɗan gidan tarihi a ciki inda na ga kayan sarakunansu na dā. Na sayi shayi a cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, da wata gurasa mai kama da gammo wadda aka barbaɗe da riɗi, na biya kuɗin da zai ciyar da gidana yini biyu. Mutanen duniya kuwa na gan su iri iri, masu rawani da masu malafa, waɗansu sun shimfiɗa mayafi a ƙasa suna barci da jaka a matashi. Amma gani ba ci ba ne. Duk inda na juya sai in ga hoton Aya Sofiya a bango, ƙato, an haska shi da fitila, kamar da gayya.

Da yamma ta yi na tuna da labarin mutumin nan na Iran, Mehran Karimi Nasiri, wanda rikicin takardu ya tsare shi a filin jirgin Sharl da Gol na Faris tun 1988 har 2006, shekara 18 yana kwana a kan benci, daga baya ma ya koma can ya rasu a 2022. Na ce to, ni da zan tashi bayan tsakar dare, me zan ce in ba godiya ba?

Tun da na komo gida na mai da hankali ga wannan al'amari, ina karanta abin da ofisoshin jakadanci su ke bugawa. Na tarar ashe Turkiyya ma sauƙi ta yi mini da ta bar ni na zauna a zaurenta ba da wata takarda ba. Akwai inda zangon kansa sai da izni. Ƙasashen Turai 29 sun haɗa kan iyakarsu ta zama ɗaya, ana ce da wannan shiri Shengen, sunan wani ƙauye a Lukzambur inda aka sa hannu a kan yarjejeniyar a 1985. A dokarsu ta biza ta 2009 sun jera ƙasashe 12 waɗanda mutanensu ba za su ko canja jirgi a filayensu ba sai da wata biza ta musamman, Nijeriya da Gana suna cikin jerin, kowace ƙasa kuma tana da ikon ƙara waɗansu a kan waɗannan. Ita wannan biza, a lura, ba ta fid da mutum gari. Iznin zama a kan kujera ne kurum. An ɗauke ta ga wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai rai. Ga kuma wani tarko da ke kama har masu ilmi: in tikitinka ya ce ka sauka Faris, ka shiga wani jirgi zuwa Farankfot, sa'an nan ka fita Turai, to tsakanin Faris da Farankfot tafiyar cikin gida ce a wurinsu. A Faris za a duba fasfonka a matsayin mai shiga, sai da cikakkiyar biza ke nan.

Ingila ba ta cikin Shengen, nata tsarin dabam. Biza iri biyu ta ke da su ga mai wucewa: ɗaya ta wanda zai canja jirgi bai fita zaure ba, ɗaya ta awa 48 ga wanda zai ƙetare teburin fasfo, misali don ya kwana ko ya koma wani fili. Amurka kuwa ba ta san zango ba sam. Tun Agusta 2003 ta soke wucewa ba biza, kowa ya sauka sai ya bi ta gaban masu duba fasfo kamar mai shiga ƙasa, ko da jirginsa na gaba yana nan yana jira.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin su ma su yi hattara da labarin da su ke ji a bakin Turawa. Gaskiya ne a Disamba 2024 ƙasar ta tsawaita wa masu wucewa zama ba biza har awa 240, wato kwana 10, amma ga mutanen ƙasashe hamsin da 'yan kai ne, tamu ba ta ciki. Saudiyya kuma a farkon 2023 ta fito da bizar yada zango ta awa 96 ga masu tafiya a jiragen kamfanoninta, wadda mutum zai iya yin Umra da ziyarar Madina da ita. Amma tun wajen sayen tikiti a ke nemanta, ba bayan an sauka Jidda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuwa mai karatu ya zaci ko'ina ƙofa a rufe ta ke. Wanda jirginsa ya yada zango a Lome, ko Akara, ko Abijan, ko Dakar, in ɗan Nijeriya ne sai ya fita abinsa, domin tun 1979 ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma suka yarda mutanensu su shiga wa juna ba biza har kwana 90. Ya dai riƙe katinsa na rigakafin shawara. Ruwanda ma ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka duka. Ni a ganina waɗannan sun fi kusa da gaskiya, gama mutumin da ke da tikitin gaba a hannu, ga kayansa a cikin jirgi, in an bar shi ya shiga gari ya ci abinci ya sayi tsaraba, ban ga wanda ya yi hasara ba. Amma kowane mai gida shi ya san inda rufinsa ke yoyo, ba na ce sauran ba su da dalilinsu ba.

Shekara ta kewayo, a 2024 sai tafiya ta sāke kama ni, na raka kawuna Indiya ganin likita. Wannan karo ta Adis Ababa muka bi daga Kano, da kwana a hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu ya ke. Tun da sauran mako uku na je ofishin kamfanin da ƙafata, na ajiye fasfonmu biyu a kan tebur, na ce a gaya mini, da wannan fasfo, da wannan tikiti, muna iya fita ko ba mu iyawa, a kuma rubuta mini. Aka ce tun da tikitinmu ɗaya ne har Dilli, zangonmu kuma ya wuce awa 8 bai kai 24 ba, su za su ba mu masauki, su ne kuma za su tsaya mana wajen iznin wucewa. Haka kuwa aka yi. Da muka sauka filin Bole da dare aka ba mu takarda, muka kai wa masu duba fasfo, suka bar mu muka wuce, mota ta kwashe mu. Sa'ad da na ji iskar waje ta buge ni sai da na yi dariya ni kaɗai, kawu ya tambaye ni lafiya.

Sanyi ne ya fara gaishe mu. Birnin yana kan tudu, tsayinsa daga teku ya fi ƙafa 7,500, mutum ya hau bene hawa biyu sai ya ji yana haki kamar ya yi tsere. Ma'anar sunan da harshensu sabon fure, a zamanin Sarki Menelik na Biyu aka kafa shi, a 1886. Da safe na bar kawu yana hutawa na ɗauki mota na zaga. Na ga zauren da ke da alaka da taron nan na Mayu 1963, inda shugabannin Afirka suka kafa ƙungiyarsu, har da namu Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na ci abincinsu injera, wani faffaɗan abu kamar sinasir mai tsami, da a ke yi da ƙwaya ƙanana irin acca, a zuba miya a kai a riƙa yaga ana dangwala. Wata mata a bakin hanya ta soya gahawa a gabana, ta daka, ta dafa a cikin 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ga lubban yana hayaƙi, ga gugguru a faranti.

Saura kaɗan ma a nan in sāke yin wauta. Da na komo masauki na tambayi mai gadi yaushe motar filin jirgi za ta zo, ya ce ƙarfe 7. Gabana ya faɗi, don jirginmu da la'asar zai tashi. Ashe su daga fitowar rana su ke fara ƙirga awa, abin da mu ke ce wa ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1 a wurinsu, ƙarfe 7 ɗin da ya faɗa kuwa ƙarfe 1 na rana ke nan. Shekararsu ma wata 13 gare ta. Na duba agogona, saura minti 20. Na hau da gudu na tashe kawu, muka tattara 'yan komatsanmu. Iznin da aka ba mu na awoyi ne ƙidayayyu, wanda ya bar jirgi ya tashi ya zauna bayan wa'adi ya zama mai laifi a ƙasar mutane, ga mara lafiya a hannu. Mun sami motar tana shirin tashi. Kawu bai ce mini kome ba sai da muka zauna a cikin jirgi, ya ɗaura ɗamara, sa'an nan ya dube ni ya ce in an dawo shi dai a bar shi a kan benci.

Santambul kuwa har yau ban shiga ba. Hoton Aya Sofiya da na saya a kantin filin jirgi yana nan a kan teburina a ofis, duk wanda ya tambaye ni ko na je, sai in ce na je ƙofa.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.